Tsayuwar Malama Gaban Aji

Akwai wata 'yar magana da na daɗe ina so in yi da 'yan'uwana mata na wannan kwaleji, tun ba waɗanda za su fita gwajin koyarwa a zango mai zuwa ba. Maza ma in sun karanta ba laifi, gama su ma suna da ƙashin baya. Maganar kuwa ita ce ta yadda mu ke tsayuwa, da zama, da tafiya. A nan ana koya mana shirin darasi, da rubutu bisa allo, da riƙon rajista, har da dabarar yi wa yaro tambaya. Amma jikin nan da zai ɗauki dukan waɗannan abubuwa ya kai su gaban yara sittin ko saba'in, shi an bar wa kowa nasa, ya yi yadda ya ga dama da shi.

Wanda ya ke so ya gane abin da na ke nufi, sai ya fita bakin hanya ran kasuwa ya buɗe ido. Zai ga matan Filani sun jero da nono, ƙwarya bisa ƙwarya, an rufe da faifai. Zai ga 'yan mata masu tallan gyaɗa da ayaba, da iyayenmu masu kawo itace da doya daga ƙauye. Dukansu wuya a miƙe, kafaɗa a sake, taku ɗai-ɗai ba gaggawa, sai ka ce 'ya'yan sarki ne suka fito. Sa'an nan ya komo kwaleji, ya tsaya ƙofar ɗakin lacca sa'ad da aka tashi. Ga mu nan, mu masu ilmi, kai ya riga jiki yin gaba kamar na kunkuru, kafaɗu sun tattaro ciki, littattafai rungume a ƙirji kamar za a ƙwace, ƙafa kuwa jan ta a ke yi. Abin mamaki, yawancinmu daga gidajen ɗaukar tulu muka fito. Ashe tsayuwar nan tamu ce tun muna ƙanana, bisa bencin makaranta muka yar da ita.

Tulu malami ne wanda ba ya magana. Yarinya ta naɗa gammo, an aza mata ruwa. In ta tura kai gaba, ruwa ya zubo mata a fuska. In ta gantsare, ya zuba a ƙeya. In ta karkata, tulu ya tafi ƙasa, ita kuwa ta san abin da za ta tarar a gida. Saboda haka ko ba wanda ya gaya mata, jikinta da kansa ya kan nemo wurin da kunne ya ke daidai bisa kafaɗa, kafaɗa bisa ƙugu, ƙugu bisa idon sawu. Wannan jeri shi ne likitoci su ke zanawa cikin littattafansu in suna nuna tsayuwa mai kyau.

Masana sun yi sha'awar wannan al'amari. A 1986 wata mujallar kimiyya ta Ingila mai suna Nature ta buga binciken da aka yi a ƙasar Kenya a kan matan Luo, masu aza kaya a tsakar ka kamar mu, da matan Kikuyu, masu goya kaya a baya da igiya ta goshi. Aka auna iskar da su ke shaƙa suna tafiya, aka ce suna iya ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da sun ƙara kashe ƙarfi ba, har ma akwai masu ɗaukar kashi 70. Labari ya yi daɗi, ya bazu ko'ina. Amma matan da aka auna kaɗan ne, kuma a 2010 da aka sake gwadawa da matan Xhosa na Afirka ta Kudu, ba a sami wannan sauƙi ga yawancinsu ba, sai ma kukan ciwon wuya da suka yi. Na kawo wannan ne don kada wata ta ce ina yabon wahala. Na san abin da dakon itace na shekara arba'in ya yi wa wuyan kakata. Darasin tulu na ke so mu riƙe, nauyinsa kuwa a bar wa amalanke. Matan Gbagyi ma a kafaɗa su ke ɗaukar kayansu, suna cewa kai sarkin jiki ne, ba a sa sarki dako.

A makarantar mishan inda na yi karatu akwai wata dattijuwar malama mai kula da ɗakin kwananmu, wadda ta kan jera mu ran Asabar, kowa da littafi bisa ka, mu yi ta kai da kawowa a baranda. Ta ce haka a ke koya wa 'yan matan Turai tafiya a zamanin da. Mu 'yan ƙauye dariya ta kan kama mu, gama wadda ta saba hawan dutse da tulu cike, me littafin lissafi zai yi mata? 'Yan birni su ne nasu ke faɗuwa. Duk da haka ina gode mata, domin daga wurinta na fara sanin ana duban tafiyar mutum. Sai dai na lura da abu guda: da an sauke littafi, kafin a kai ɗakin cin abinci, kowa ta koma gidan jiya. Minti goma a mako ba ya ka da halin da a ke yi sa'a goma kowace rana.

Bari in ɗan shiga gonar malamin kimiyya, ya gafarce ni. Ƙashin baya ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 aka jera: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari su ke kamawa, 5 a kwankwaso, sauran 9 kuwa can ƙasa su ke, sun kan manne da juna in mutum ya girma. Tsakanin na saman akwai 'yan matasai na guringuntsi. In an dube shi ta gefe, za a ga yana da lanƙwasa: ya shiga ciki a wuya, ya fito a bayan ƙirji, ya sake shiga a kwankwaso. Haka aka halicce shi, lanƙwasar nan kuwa ita ke shanye girgizar tafiya. Don haka mai ce wa yarinya ta miƙe sak kamar sanda, abin da babu ya ke nema.

Bisa wannan jeri kai ya ke zaune, kan babban mutum kuwa ya kai wajen kilo 5, kusan nauyin galan guda na ruwa. In yana daidai bisa wuya, ƙashi ke ɗauke da shi, ba a jin kome. In ya yi gaba, sai naman wuya da na kafaɗa su yi ta ja don kada ya faɗi. Ki riƙe galan na ruwa jikin ƙirjinki, sa'an nan ki miƙa hannu da shi gaba, za ki ji bambanci nan da nan. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014, ya ce in an sunkuyar da kai digiri 15 bisa ma'aunin kusurwa, nauyin da wuya ke ji ya kai kilo 12, a digiri 30 kilo 18, a digiri 60 kuwa kilo 27. Lissafi ne na kwamfuta, ba wuyan mutane ya bi yana aunawa ba, amma ya isa misali. Digiri 60 ɗin nan shi ne sunkuyon da mu ke yi wa wayar hannu in tana kan cinya, kilo 27 kuwa ya ɗara ruwan jarka mai lita 25. Ga wadda ta gudo wa tulu ta zo kwaleji, ta ɗora wa kanta jarka, ba ko gammo!

Amma a ganina, a wajenmu mata, waya da benci sun tarar da abin ne ya riga ya yi saiwa. Yana farawa wajen shekara 11 ko 12, sa'ad da jikin yarinya ya soma sakewa. Ƙirji ya fara fitowa, samari sun fara kallo, manyan mata suna zolaya, sai yarinya ta tattaro kafaɗu ta ɓoye kanta. Wadda ta yi saurin tsawo kuma, aka yi ta ce mata falwaya ko raƙumin dawa, sai ta riƙa rage tsawonta da duƙawa don ta yi daidai da ƙawayenta. Bisa wannan ga tarbiyyar gida: kada ki kalli babba cikin ido, kada ki tsaya ƙerere a kan mutane, ki rusuna in za ki gaisar. Duk waɗannan daidai ne, da su aka rene ni, har gobe kuwa ba na miƙa wa babana ruwa a tsaye. Sai dai yarinya ta kan cuɗa su duka wuri ɗaya, ta ɗauka mace ta kirki ita ce wadda ta ƙanƙance jikinta ko yaushe, a ko'ina.

Rusunawa kuwa aiki ne da a ke yi a gama. An durƙusa, an gaisar, an tashi. Ku dubi iyayenmu mata: ta durƙusa har ƙasa gaban surukinta, in ta tashi kuwa ta miƙe sarai, ta ɗauki ƙwaryarta ta kama hanya. Ba ta tafiya da durƙuson kasuwa. Kunya a ido ta ke, da harshe, da sanin lokacin magana da lokacin shiru. Doro doro ne kawai, bai taɓa ƙara wa kowa ladabi ba. Na san abin da waɗansunmu ke tsoro, watau kada a ce sun yi boko sun zama masu yanga. To, yanga daban ta ke. Mai yanga ta banƙaro ƙirji, ta gantsare, ta ɗaga haɓa, tana rangwaɗa don a gan ta. Wannan ma karkata ce, ta baya, kwankwaso ne kuwa ke biyan kuɗinta. Mai tsayuwa sosai ba ta ƙara wa kanta kome, ba ta rage kome, tsawon da Allah ya ba ta shi ta tsaya da shi. Rabin abin da a ke kira kwarjini a nan ya ke.

Me ya sa wannan ya shafe mu fiye da sauran mata? Domin yara alƙalai ne masu saurin yanke shari'a. Kafin malama ta ce "ina kwananku" sun riga sun auna ta tun daga ƙofa har tebur. Bara, sa'ad da muka fita gwajin koyarwa, mu huɗu aka tura wata makarantar firamare. A cikinmu akwai wadda ta fi mu duka ƙwaƙwalwa, shirin darasinta har a kan ba mu mu duba mu koya. Amma in ta shiga aji sai ta maƙale bayan tebur, nauyinta duk bisa ƙafa ɗaya, kai a ƙasa, tana yi wa littafi magana. Yaran bencin baya ba su ji. Da ba su ji ba sai suka shiga hira, da suka shiga hira sai ta shiga ɗaga murya, kafin mako biyu murya ta dishe. Malamar da ta zo duba mu ba ta taɓa darasin ba ko kaɗan. Bayan yara sun fita tara, ta ce mata, "Malama, fito daga bayan teburin nan. Raba ƙafafunki kaɗan, ki ɗora nauyi bisa duka biyu. Ajiye littafin. To, yanzu ɗauka akwai yaro can jikin bango, yi masa magana." Mako bai zagayo ba sai da ajin ya natsu. Har yanzu mai sanyin hali ce kamar da, amma ana jinta.

Dalilin a fili ya ke. Murya iska ce, iska kuwa daga huhu ta ke fitowa. Ƙarƙashin huhu akwai wani faffaɗan nama da ya raba ƙirji da ciki, shi ke sauka ya jawo numfashi. In mutum ya ranƙwafa, haƙarƙari sun danne ciki, naman nan ya rasa wurin sauka, numfashi ya zama guntu-guntu, sai maƙogwaro ya ɗauki aikin da ba nasa ba. An yi wani ɗan wasan kwaikwayo mutumin Ostareliya, F. M. Alexander, wanda aka haifa a 1869, muryarsa ta riƙa ɗaukewa duk sa'ad da ya hau dandali. Da magani ya kasa, sai ya kafa madubai yana duban kansa yana magana, ya tarar ashe kafin ya buɗe baki ya kan janye kai baya ya danne wuya. Da ya bar wannan hali, murya ta komo. Ya tafi Landan a 1904, ya yi ta koya wa mutane har ya rasu a 1955, har wa yau kuwa mawaƙa da 'yan wasa suna koyon hanyarsa. Mu ma da murya za mu ci abinci, shekara talatin ko fiye in Allah ya ja kwana.

To, ko tsayuwa sosai tana sa zuciya ta yi ƙarfi? A nan sai a yi hankali, gama an zuzuta abin ƙwarai. A 2010 waɗansu masana uku a Amurka, cikinsu har da Amy Cuddy ta Jami'ar Harvard, suka gwada mutum 42, suka ce wai zama ko tsayuwa irin ta masu isa, jiki a baje, na minti biyu kawai, yana sake sinadaran jini, ya rage na fargaba ya ƙara na ƙarfin hali. A 2015 waɗansu suka maimaita gwajin da mutum 200, ba su ga wannan canji ba. A 2016 kuma Dana Carney, wadda sunanta ke kan gaba a binciken farko, ta fito fili ta ce ita kanta ba ta ƙara yarda da shi ba. Abin da ya saura shi ne, mutanen sun ce sun ɗan ji ƙarfin zuciya. Kaɗan ne, amma ni ya ishe ni. Tsayuwa ba za ta shirya miki darasin da ba ki shirya ba. Amma in kin san abin da za ki faɗa, tana hana jikinki ya ƙaryata bakinki.

Wajen gyara kuwa, kada a yi irin ta soja a fareti. An ce wanda ya haɗiye taɓarya ya kwana tsaye, mu kuwa ba mu haɗiye ba. Wadda ta sanƙare, ta ja kafaɗu baya da ƙarfi, ta riƙe numfashi, ba za ta yi minti biyar ba sai ta gaji ta zube fiye da da. Abin da na ga ya fi sauƙi shi ne in tuna da gammo. In ji kamar an aza mini ƙwarya marar nauyi a tsakar ka, ina so in ɗan tura ta sama. Da na yi haka sai haɓa ta ɗan shiga, ƙeya ta yi tsawo, kafaɗu su sauka da kansu. Gwiwa kuma a bar ta a sake, kada a ƙulle ta. Wadda ba ta taɓa ɗaukar kaya a ka ba, sai ta jingina da bango: ɗuwawu, da allon kafaɗa, da ƙeya su taɓa shi, diddige ya ɗan yi gaba kaɗan, a bar wurin da tafin hannu zai shiga a kwankwaso. Ta yi numfashi biyar a haka, sa'an nan ta tako ta bar bangon ba tare da ta saki tsayuwar ba. Da fari za ta ji kamar za ta faɗi da baya. Jiki ne ya saba da karkata har ya ɗauke ta daidai.

Zama ba ya bukatar dogon bayani. A kai ɗuwawu har ƙarshen kujera, tafin ƙafa biyu a ƙasa, a ɗago littafi ko waya wajen ido maimakon a kai musu ido. Likitocin gashin ƙashi na yanzu sun ce babu wani zama guda da ke hana ciwon baya, daɗewa a zama ɗaya ko wane iri ne shi ne abin gudu, sai a riƙa tashi ana miƙewa. Malamar firamare dai ta huta da wannan, yara ba su barin ta zauna. Takalmi mai tsinin dunduniya yana tura nauyi kan yatsu, jiki ya yi gaba. Ran biki ba laifi, amma daga ƙarfe takwas zuwa ƙarfe biyu bisa siminti, ni dai na yafe. Sai abinci, wanda ba mu cika haɗa shi da wannan magana ba. Ƙashi yana tara ƙarfinsa ne har wajen shekara 30, daga nan sai cin ajiya. Mace kuwa in al'ada ta ɗauke mata, ƙashinta ya kan yi saurin zaizayewa, shi ke kawo doron da mu ke gani ga waɗansu tsofaffi. Nono, da ƙananan kifi da a ke ci da ƙayarsu, da ganye irin su zogale, da hasken rana, da tafiya a ƙasa, yanzu ne su ke da amfani gare mu, tun muna cikin shekarun tarawa.

Saura maganar 'yan matan da za a ba mu amana. A aji biyar da aji shida za ku ga masu fara tattare kafaɗa. Don Allah kada a kira sunan yarinya gaban maza a ce ta miƙe ƙirjinta, wannan ƙara mata duƙawa zai yi, watakila har ta tsani makaranta. A sa aji duka su tashi su miƙe tare. Doguwar cikinsu a ba ta aikin da tsawo ke da rana, kamar share saman allo ko rataye taswira, a gode mata kowa yana ji. In za a yi mata magana, a keɓe. Wani lokaci abin da ta rasa rigar mama ce kawai wadda ta yi mata daidai, wannan kuwa magana ce tsakanin malama da uwa.

Akwai kuma wadda karkatarta ciwo ne. Ƙashin baya ya kan lanƙwashe gefe, yawanci tsakanin shekara 10 da 15, ya fi kuwa tsananta ga 'yan mata. Alamarsa, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu, ko ƙugu ya karkata har siket ya riƙa zama a karkace. In ta sunkuya kamar za ta taɓa yatsun ƙafa, sai a ga gefe ɗaya na bayanta ya fi tasowa. Jaka ba ta kawo shi, lalaci ba ya kawo shi, bulala kuwa ba ta miƙar da shi. A gaya wa iyaye su kai ta asibiti tun tana cikin girma, domin a lokacin ne a ke iya tare shi. Haka kuma yaron da kullum ya ke kifa fuska cikin littafi, kafin a tsawata masa a sa a duba idonsa.

Sa'an nan a dubi benci. Makarantu da yawa benci iri ɗaya su ke sa kafinta ya yi tun daga aji ɗaya har aji shida, sai ka ga ƙanana ƙafafunsu na reto, manya gwiwa ta tokare tebur. Ba mu da ikon sayen sababbi, amma in akwai manya da ƙanana muna iya musanya tsakanin azuzuwa in hedimasta ya yarda, wanda ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba kuma a sa masa bulo ko guntun katako ya taka. A ajin da na koyar bara, bulo shida muka roƙo wajen magina, yara suka shafa musu farar ƙasa, kowa ya rubuta sunansa jikin nasa.